Mage 159 a gida ɗaya: cutar tara dabbobi da masu kai asirinsu telebijin

A watan Afrilun 2024 wata kotu a birnin Nis, kudancin Faransa, ta yanke wa wata mata mai shekara 68 da abokin zamanta ɗaurin shekara ɗaya na jeka-ka-gyara-halinka, ta kuma haramta musu kiwon dabba har abada. An tarar da mage 159 da karnuka 7 a gidansu, wanda faɗinsa bai wuce murabba'in mita 80 ba. Da yawa daga dabbobin sun rame, ƙishirwa da ƙwari sun gama da su. Kotun ta ce su biya ƙungiyoyin kare dabbobi sama da Yuro 150.000, kusan miliyan 98 ke nan na kuɗin sefa.

Likitan ƙwaƙwalwa da ya duba matar ya ce tana fama da abin da Faransawa ke kira syndrome de Noé, wato cutar Nuhu, don tuna jirgin Annabi Nuhu da ya ɗauki dabbobi. Sunan na iya sa murmushi, amma cuta ce ta gaske. Reshe ne na cutar tara kaya, wadda kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya ware mata babi nata a 2013, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa ta a sabon jerin cututtukanta da ya fara aiki a 2022.

Ba yawan dabbobin ne ke nuna cutar ba. Makiyayi mai tumaki ɗari lafiyarsa lau. Alamar ita ce mutum ya tara fiye da abin da zai iya ciyarwa da yi wa magani, dabbobin suna mutuwa a gabansa, shi kuwa ya rantse cewa yana kula da su fiye da kowa. Sau da yawa abin yana farawa bayan wani rashi: mutuwar miji, rabuwar aure, ƴaƴa sun watse. Sai a tsinci mage ɗaya a titi, sannan ta biyu. Sauran aikin magen ce ke yin sa, domin cikinta wata biyu ne kacal, tana iya ɗaukar ciki tun tana da wata biyar ko shida, ta haihu sau biyu ko uku a shekara. In ba a kai su wurin likitan dabbobi an tsayar da haihuwa ba, cikin shekara biyu gida ya cika. Warin fitsarinsu yana ƙona ido da huhu, amma mai gidan ya daina jin sa. Maƙwabta ne ke ji, kuma yawanci su ne ke kiran hukuma.

To, mutumin da ke rufe tagogi don kar a gani, me zai sa ya buɗe wa kyamara ƙofa? Irin waɗannan shirye-shirye sun daɗe. TF1 ta fara Confessions intimes a 2001, France 2 tana da Ça commence aujourd'hui tun 2017, a Amurka kuma akwai Hoarders, wanda ya fara a 2009 kan masu tara kaya. Guntayensu na yawo a Facebook da TikTok har cikin wayoyin Maraɗi da Damagaram, kuma mai kallo a nan, wanda ya tashi da sanin darajar rufin asiri, yakan riƙe baki.

Dalili na farko kuɗi ne. Kwashe gida irin wannan da ganin likita suna da tsada, shiri kamar Hoarders kuwa yana zuwa da ma'aikatan shara da masanin halayya, shi ke biya. Wani lokaci ma ba mai cutar ne ya nemi shirin ba, ƴarsa ce ko ƙanensa, bayan sun yi magana har sun gaji.

Amma akwai abin da ya fi kuɗi. Wanda ya shekara goma babu mai tambayarsa yadda ya kwana, yau ga mutane sun zo takanas, sun zauna, suna sauraronsa sa'o'i. Kuma tunda a ransa shi mai ceto ne, yana ganin telebijin kamar kotun da za ta wanke shi a gaban dangi da maƙwabta. Faɗa wa baƙi miliyan ya fi sauƙi a kan faɗa wa ɗan'uwa guda, don baƙo ba zai yi maka gori ranar suna ba.

A ganina cinikin bai cika yin daidai ba. Tashar ce ke yanka hotuna, ita ke zaɓen hawayen da za a nuna, kuma abin da ya hau intanet ba ya sauka. A Ingila, ITV ta soke shirin Jeremy Kyle a watan Mayun 2019 bayan mutuwar wani baƙo kwanaki kaɗan da ɗaukar shirin. Share gida aikin kwana biyu ne ko uku, jinyar kuwa ta watanni ce, kuma masu binciken cutar sun daɗe suna cewa in babu jinya da sa ido mafi yawan masu ita suna komawa. Matar Nis ma an taɓa bincikenta a 2014, lokacin tana da mage 13 da kare ɗaya a ɗaki mai murabba'in mita 18.