Tsofaffin Unguwarmu: Wa Ya San Adadinsu?

In ka tambayi mai unguwa yawan yaran da aka yi wa ɗigon shan-inna a zagayen da ya wuce, nan take zai kira mai riƙe da littafin. Amma ka tambaye shi tsofaffi nawa ne ke kwana su kaɗai a unguwar, ko nawa ne suka daina fitowa masallaci saboda ciwon ƙafa, sai ya ce sai an bincika. Dalili kuwa shi ne, mun daɗe muna ɗaukar kula da tsoho a matsayin sha'anin cikin gida wanda bai shafi na waje ba.

Da can haka abin yake, kuma ya yi aiki. Gida ne babba, gandu ɗaya, rumbu ɗaya. Tsoho na zaure, tsohuwa na ɗakinta, surukai da jikoki na shiga suna fita. Yau an raba gonar gado har ta koma ɗan fegi. Samari sun tafi ci-rani Legas, Fatakwal da Abuja, wasu har Libiya, kuma ci-ranin yanzu ba ya ƙarewa da faɗuwar damina. Wanda ya zauna a birni yana haya a ciki da falo. A Borno, Zamfara, Katsina da gabashin Sakkwato rashin tsaro ya tarwatsa iyalai, kuma duk ranar da aka ce a gudu, wanda ba ya iya sauri shi ake bari a baya.

Ga shi kuma tsofaffin ƙaruwa suke yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nan da 2030 mutum 1 cikin kowane 6 a duniya zai kasance ya kai shekara 60, kuma nan da 2050 adadinsu zai kai biliyan 2.1, kashi 80 cikin 100 nasu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin tamu. A Nijeriya kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai, shi ya sa ake raina maganar. Sai dai kashi 5 na mutum sama da miliyan 200 ai miliyan 10 ke nan. Rabon ƙasar da ƙidaya kuwa tun 2006.

A takarda gwamnati ta yi motsi. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa a 2018, aka amince da manufar ƙasa kan tsufa a 2021, sannan dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusu domin masu rauni, ciki har da tsofaffi. Jihar Ekiti ta taɓa biyan waɗanda suka kai shekara 65 naira 5,000 duk wata tun daga 2011. To amma tsohuwar da ke lungu ba ta san da ko ɗaya ba, balle ta je ofis ta bi layi da katin NIN. Sai an samu wanda zai ɗauke ta ya kai ta. Fansho kuma na tsohon ma'aikaci ne. Manomi, ɗan dako, mai kitso da mai ƙosai, ranar da ƙarfi ya ƙare ranar samu ya tsaya.

Gina gidajen gajiyayyu irin na Shahuci a Kano ba zai ɗauki wannan nauyi ba. Yana da amfani ga wanda ba shi da kowa, amma wane tsoho ne zai so ya bar unguwar da aka san shi? Aikin na unguwa ne, kuma da rubuta suna zai fara. Mai unguwa, liman, ƙungiyar matasa da matan Islamiyya su zagaya gida-gida su rubuta duk wanda ya haura 60: wa ke ba shi abinci, wane ciwo yake fama da shi, wa za a kira in ya faɗi cikin dare. A fi sa ido kan zawarawa tsofaffi da waɗanda Allah bai ba su haihuwa ba, domin su kunya ke hanawa su yi magana. Da wannan littafi za a iya tunkarar hukumar zakka da waƙafi, wadda jihohi irin su Sakkwato, Kano da Zamfara ke da ita, da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha. Mai kuɗin unguwa ma da ke raba zakkarsa ga duk wanda ya riga zuwa ƙofa zai san inda ya kamata ta je.

Batun lafiya shi ne inda sakacinmu ya fi yawa, saboda komai sai mu ce tsufa ne. Hawan jini ba ya nuna kansa. Mutum na cikin harkarsa sai ya yanke jiki ya faɗi. Na'urar awon jini guda ɗaya a hannun ma'aikacin lafiya, ana aunawa bayan sallar Juma'a ko a makarantar mata, za ta gano da yawa tun kafin a kai ga haka. In baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, wannan shanyewar ɓarin jiki ce, asibiti ake nufa a lokacin, kada a tsaya turare. Yanar ido aikinta ɗan lokaci kaɗan ne a wurare irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, amma har yau ana kai tsofaffi wurin masu soka ƙarfe a ido, su dawo da makantar da ba ta gyaruwa.

Akwai kuma wanda ya fi ciwo. Tsohuwa ta fara mance sunan 'ya'yanta, tana fita cikin dare ta kasa gane hanya, tana maganar da ba ta da kai, sai a ce mayya ce tana tone-tone. Ruɗewar tsufa ciwon ƙwaƙwalwa ne da likitoci suka sani. Duk wanda ya tsinci tsoho a wannan hali ya zaunar da shi, ya ba shi ruwa, ya nemi danginsa ko mai unguwa, ya kuma kori yaran da suka fara taruwa.

Tun ran gini, tun ran zane. Muna ta shimfiɗa tayil mai santsi a wurin alwala, muna tsawaita matakalar masallatai, kwatami a buɗe a ƙofar gida. Karayar ƙugu ga ɗan shekara 75 sau da yawa ita ce kwanciyar ƙarshe. Ƙarfen riƙewa a bayi, ɗan benci a wurin alwala, fitila a soro da murfi a kan kwata ba su kai kuɗin fentin hasumiya ba.

Ku da kuke tsakanin 40 da 50, littafin nan da sunanku za a cika shi nan gaba kaɗan. Ku kai maganar zauren mai unguwa a wannan makon, a fitar da mutum uku ko huɗu su fara zagayen.