Ondine ba ta yi wa kowa baki ba

Akwai wata cuta da likitoci ke yi wa laƙabi da "la'anar Ondine". Mai ita yakan yi numfashi lafiya yana farke, amma da barci ya ɗauke shi sai numfashin ya yi rauni ko ya tsaya. Likitoci biyu a Amurka, Severinghaus da Mitchell, su suka raɗa sunan a 1962. Labarin da ake rakiyar sunan da shi kuwa, wai wata 'yar ruwa ce mijinta ɗan Adam ya ci amanarta, ta yi masa baki. Masu faɗin haka ba jahilai ba ne, da yawansu a aji suka gada. Sai dai wasan da aka ari sunan daga cikinsa bai ce haka ba.

Jean Giraudoux ya rubuta wasan kwaikwayon Ondine, aka fara nuna shi a Paris a 1939, bisa labarin Undine na Bajamushe Fouqué na 1811. Wani barde, Hans, ya sauka a bukkar masunci, yarinyar gidan, Ondine, wadda 'yar ruwa ce, ta kamu da sonsa, alhali an yi masa baiko da wata Bertha. Sarkin 'yan ruwa ne ya gindaya sharaɗi: ranar da Hans ya yaudare ta zai mutu, ita kuma ta manta da shi. Gaskiya ne ta amince, nan kam masu zarginta suna da abin kamawa. Amma da Hans ya koma wa Bertha, me ta yi? Ƙarya ta shirga wa kanta har gaban alƙalai, ta ce ita ce ta fara cin amana da wani Bertram, don hukuncin ya kauce masa. Mai tsinuwa ba ta zubar da mutuncinta gaban alƙalai don ceton wanda ta tsine wa.

Maganar numfashin ma daga bakin Hans ta fito. Kuka yake yi cewa tun rabuwarsu sai ya umarci jikinsa kafin ya yi abin da a da yake yi da kansa, har da numfashi. Ciwon rabuwa ke nan.

Mu da muka tashi da labarin aljanu masu auren mutane, ba wuya mu ɗora wa 'yar ruwa laifi tun ba a ɗaga labule ba. Ita kuwa cutar, nau'in da ake haihuwar jarirai da shi, a 2003 aka gano tushenta a ƙwayar halitta mai suna PHOX2B, kuma da na'urar numfashi masu ita ke kwana.