Idan Keke Ya Yi Ɓatan Dabo A Tokyo

Baƙon da ya jingine kekensa a bakin tashar jirgin ƙasa a Tokyo, ya tafi harkarsa ya dawo bai tarar da shi ba, ɓarawo zai fara zargi. Galibi kuwa ma'aikatan ƙaramar hukuma ne suka loda shi a mota. Idan ya sunkuya ya duba inda ya ajiye, sau da yawa zai ga takarda manne a daɓe ko allo a kusa, ɗauke da ranar da aka yi kwasar da kwatancen ma'ajiyar da aka kai kekunan.

Tsananin yana da dalili. A shekarar 1981 kekunan da aka jibge a harabar tashoshin Japan sun kusa miliyan 1, sun toshe hanyar makafi da masu keken guragu, motar kashe gobara ma sai ta rasa inda za ta bi. Dokar da aka kafa a 1980, aka kuma gyara ta daga baya, ita ce ta bai wa ƙananan hukumomi damar shata wuraren da aka hana ajiye keke. A irin waɗannan wurare, da zarar mai keke ya yi nisan da ba zai iya janye shi nan take ba, a idon hukuma ya yasar da shi ke nan, ko da burodi ya shiga saye. Akan ɗaura takardar gargaɗi, sannan mota ta biyo baya. Wanda ya ɗaure nasa da sarƙa a jikin shinge ma bai tsira ba: yanke ta ake yi, kuma babu mai biyan sa kuɗinta.

Karɓowa ba wuya, sai dai da ɗawainiya. Ma'ajiyar takan kasance nesa da tasha, wani lokaci a ƙarƙashin gadar sama, ga ta da lokacin buɗewa da rufewa. Mutum zai je da makullin keken, da shaidar ko shi wane ne kamar katin zama a ƙasa, da tsabar kuɗi. Kowace daga cikin ƙananan hukumomi 23 na tsakiyar Tokyo da nata farashin, yawanci tsakanin yen 2,000 zuwa 5,000. Kimanin wata guda ake jiran mai kaya. Bayan haka sai a sayar, ko a mayar da shi ƙarfen bola, ko a gyara a tura ƙasashe masu tasowa, har da na Afirka.

Abin da ke sauƙaƙa komai shi ne rajista. Tun 1994 ya zama dole a yi wa kowane keke rajistar 'yan sanda, a manna masa lamba, a kan 'yan ɗaruruwan yen. Da wannan lambar ake gano mai keke a aika masa da kati ta gidan waya. Nan ne ɗalibai baƙi suka fi faɗawa rami: su karɓi tsohon keke a hannun abokin da ya gama karatu ba tare da sauya suna ba, sai katin ya tafi tsohon adireshi, wa'adi ya cika ba su sani ba. In kuwa sace keken aka yi aka yar a tasha, akan yafe kuɗin, muddin an kai ƙara wurin 'yan sanda kafin ranar kwasa.

Lambar tana da wani amfanin kuma: ɗaukar keken da ake ganin ba shi da mai shi laifi ne, kuma 'yan sanda kan tare mahaya su duba lamba.

Wurin ajiya na halal bai yi ƙaranci ba. Tashar Kasai kaɗai tana da ma'ajiyar ƙarƙashin ƙasa mai cin keke 9,400, wadda aka buɗe a 2008, kuma a yawancin tashoshi ajiyar yini guda ba ta wuce yen 100 zuwa 200 ba.