An Ga Ɗigo A Hoton Huhunki? Ga Yadda Likita Yake Auna Shi

Uwargida, idan aka ɗauki hoton ƙirjinki, likita ya ce ya ga ɗan ƙululu a huhu, kada hankalinki ya tashi. Yawancin irin wannan ɗigo ba ciwon daji ba ne, musamman ga mace mai ƙananan shekaru wadda ba ta shan taba. A nan Kano, abin da likita zai fara tunani shi ne tarin fuka, sabo ko tsohon tabon da ya bari.

Likita yana duba girmansa. Wanda bai kai milimita 6 ba, wato ya ɗan ɗara ƙwayar dawa, da wuya ya zama daji. Idan ya wuce milimita 8, kamar ƙwayar wake, sai a ƙara bincike. Mai santsin baki ya fi mai tsika-tsika kwantar da hankali. Wanda ya yi shekara 2 bai ƙaru ba, galibi tabo ne kawai. Saboda haka ki zo da tsohon hotonki, ko da ya daɗe a ƙasan akwati. Maigida, kada a yar da shi.

Za a tambaye ki: kina tari fiye da mako 2? Da zazzaɓi, gumin dare, ko rama? Akwai mai tari a gidanku? A cikin birni, inda ɗakuna suke a matse kuma iska ba ta ratsawa sosai, tambayar nan tana da muhimmanci. Gwajin kaki da maganin tarin fuka kyauta ne, a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala. Ana shan maganin wata 6, kuma mai ciki tana iya sha. Barin ciwon shi ne yake cutar da jariri.

Akwai abu ɗaya da mata kan ɓoye don kunya. Idan kin taɓa yin ɓari abin ya fito kamar 'ya'yan inabi, ko jini ya ƙi tsayawa bayan haihuwa, ki faɗa. Wani ciwon mahaifa yana tafiya huhu. Gwajin jini yana taimakawa a gano shi, kuma yawanci yana warkewa da magani.

Kafin a ɗauke ki hoto, ki ce kina da ciki. Hasken hoton ƙirji kaɗan ne ƙwarai. Babban hoton CT kuwa, idan ba gaggawa, likita kan jinkirta shi sai kin sauka lafiya.