Gargaɗi ga Masu Cusa Iyafis a Kunne: A Rage Ƙara Tun Yau

Wannan kira ne ga duk mai amfani da iyafis mai igiya, irin mai roba a baki da ake cusawa can cikin ramin kunne, musamman sababbin nan da ake yi wa kirari da fitar da sauti garau. Kira ne ga masu sauraron waƙa dare da rana, da masu buga PUBG da Free Fire da Call of Duty a waya, da iyayen da ke sayo wa yaransu. A rage ƙara yau, kada a jira gobe. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Babu allura, babu ƙwaya, babu tiyatar da ke mayar da shi yadda Allah ya yi shi.

Tun a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shelar cewa matasa sama da biliyan 1, 'yan shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraron sauti. A 2019 hukumar ta haɗa kai da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya suka fitar da ma'auni: babban mutum zai iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, yaro kuma desibel 75. Desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti, kuma hirar yau da kullum tana kaiwa kamar 60. Abin da mutane ba su gane ba shi ne ma'aunin ba ya hawa a hankali. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin da kunne zai iya jurewa gida biyu. A desibel 90, awa 40 ɗin nan ta koma awa 4 a mako. A 95, wato kamar ƙarar babur, awa 1 da minti 15. A 100 kuwa, minti 20 kacal a mako guda cur. Wanda ya ƙure ƙarar wayarsa ya saurari waƙa biyar a jere yana iya cinye rabon kunnensa na mako kafin ya gama karin kumallo.

A can ƙuryar kunne, bayan dodon kunne, akwai wata 'yar gaɓa mai siffar katantanwa. A cikinta akwai ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi, kimanin 16,000 a kowane kunne, su ne ke karɓar girgizar sauti su miƙa wa jijiyar da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. Da su aka haife ka, kuma ba a yi maka ƙari. Ƙara mai ƙarfi tana yi musu abin da guguwa ke yi wa gero a gona: ta kwantar da shi yau, gobe ya miƙe, manomi ya ce babu komai, ta sake dawowa, ta sake, har ranar da karan zai karye daga tushe. Shi ya sa bayan biki ko doguwar buga wasa za ka ji kunnenka ya yi ɗum kamar an toshe da auduga, da safe kuma ya washe. Washewar nan ita ke yaudarar mutane. A 2009 masu bincike biyu a Amurka, Sharon Kujawa da Charles Liberman, sun nuna a jikin ɓeraye cewa ko da ji ya dawo daidai a gwaji bayan ƙara mai ƙarfi, wasu mahaɗan da ke tsakanin ƙwayoyin nan da jijiya sun riga sun mutu har abada.

To me ya sa aka ware wannan nau'in iyafis ɗin, alhali shi ne mai inganci? Ai ingancin nasa ne tarkon. Iyafis ɗin arha, in ka ƙure masa ƙara, sai ya fara karkarwa yana fasa murya, kai da kanka za ka rage don ba daɗi. Mai kyau ba ya yin haka. Ganga tana fita da nauyinta, muryar mawaƙi tana fita tas, babu abin da zai ce maka ka wuce gona da iri. Kunne kuma yana sabawa: ƙarar da ta yi maka yawa da ƙarfe 8 na dare, zuwa ƙarfe 10 ta zame maka daidai, sai yatsa ya ƙara danna maɓalli. Ga shi an ƙera su ne don su yi amo da wuta 'yar kaɗan. Duba bayan kwalin, za ka ga lamba kamar 105 ko 110 kusa da haruffan dB. Ma'anarta da ɗan abin da waya za ta tura masa zai haura desibel 100, kuma bakinsa yana cikin rufaffen rami, tazararsa da dodon kunne ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba.

Abin takaicin shi ne asalin wannan kaya don kare kunne aka yi shi. Mawaƙa ne ke sa shi a kan dandamali. A 1995 wani injiniyan sauti mai suna Jerry Harvey ya haɗa wa Alex Van Halen, mai kiɗan ganga na ƙungiyar Van Halen ta Amurka, irinsa don ya riƙa jin abokan kiɗansa a cikin hayaniyar dandamali, kuma daga nan kamfanin Ultimate Ears ya samo asali. Robar nan tana toshe hayaniyar waje, wasu kamfanonin kamar Shure suna cewa nasu yana rage har desibel 37. Hikimar ita ce in waje ya yi shiru, ba ka buƙatar ƙara mai yawa a ciki. Mu kuma sai muka toshe wajen, muka kuma ƙure cikin.

Kada kowa ya dogara da gargaɗin da waya ke nunawa. Dokar Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a 2013, ta sa na'urori su tsaya a desibel 85, sai in mai su ya amince a ɗaga zuwa 100, kuma a sake tuna masa bayan kowace awa 20 ta sauraro. Daga irin wannan tsari ne saƙon nan da ke fitowa in ka kai jan layi ya samo asali, wanda kowa ke dannawa ya wuce ba tare da ya karanta ba. Amma wayarka ba ta san wane iyafis ka jona mata ba, ƙiyasi take yi. Tun da Apple ya cire ramin iyafis daga iPhone 7 a 2016, wasu kamfanonin suka bi sahu, mutane suka koma amfani da 'yar guntuwar igiyar da ake jonawa a ramin caji. Wasu daga cikin irin waɗannan igiyoyi suna da na'urar ƙara ƙarfin sauti a ciki, suna tura wutar da ta fi ta wayar nesa ba kusa ba. Shawarar da aka saba bayarwa, kada ka wuce kashi 60 cikin 100 na ƙara kuma kada ka wuce minti 60 ba hutu, tana da amfani, amma da iyafis mai saurin amsawa haɗe da irin wannan igiya, kashi 60 ɗin ma yana iya yin yawa ƙwarai.

Masu wasa su ne suka fi ba ni tsoro. Ka je majalisar samari da daddare ka gani: yaro ya kwantar da waya, manyan yatsunsa biyu suna rawa a kan gilashi, igiya ta sauko daga kunnuwansa, mahaifiyarsa ta aiko ƙaninsa ya kira shi sau uku bai ji ba sai da aka taɓa kafaɗarsa. Ka tambaye shi don me yake ƙure ƙara, zai ce don ya ji takun abokin gaba ta bayan gini. Gaskiya ya faɗa, a irin waɗannan wasanni wanda ya riga jin taku shi ke riga harbi. Matsalar ita ce takun a hankali yake, harbin bindiga da fashewar gurneti kuma da ƙarfi. Ka ɗaga ƙara don taku, sai harbi ya sauka a kan wannan matakin, ba sau ɗaya ba, sau ɗaruruwa a zama guda. A Janairun 2024 mujallar BMJ Public Health ta wallafa bitar bincike 14 da suka shafi mutane sama da 50,000, inda aka ga alaƙa tsakanin wasan bidiyo da raunin ji da ƙugin kunne, kuma a ɗaya daga cikinsu an auna ƙarar bazata da ta kai desibel 119. Lamarin ya kai ga a Maris 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya suka fitar da ma'auni na musamman don wasannin bidiyo. Wanda ba zai bar wasa ba, ya shiga saitin sautin wasan ya kashe kiɗan da ke tashi a baya, ya rage muryar abokan hira, ya zauna wuri mai shiru, ya kuma cire iyafis ɗin tsakanin zagaye da zagaye.

Kada masu cewa su ba ruwansu da waƙa da wasa su ɗauka sun tsira. Wajen ƙarfin sauti, kunne ba ya bambanta kiɗa da wa'azi, ko karatun littafin Hausa, ko tafsiri. Mutane da yawa suna kwanciya da iyafis a kunne, barci ya ɗauke su, abu yana ta yi har asuba, awa 6 ko 7 ba hutu. A sa wa wayar lokacin kashe kanta. Haka nan masu sa ɓari ɗaya su bar ɗaya kunnen don jin hira: hayaniyar da ke shiga ta buɗaɗɗen kunnen tana sa ka ɗaga ƙara a ɗayan fiye da yadda za ka yi da a ce duka biyun ne a toshe. Kuma kada a yi gasa da janareta ko injin markaɗe ko ƙarar A Daidaita Sahu. A daidaita ƙara a cikin ɗaki mai shiru, a matakin da ya fi ƙasa da za ka iya ji sosai, in an fita waje kada a ƙara. Wayoyin iPhone da na Samsung suna da wurin ƙayyade iyakar ƙara a cikin saitin sauti. Iyaye su karɓi wayar yaro su saita da hannunsu.

Titi kuma maganarsa daban ce, don can ba kurumta ake tsoro ba, rai ake tsoro. Abin da ya toshe hayaniyar kasuwa zai toshe ham ɗin tirela. Wani bincike da aka buga a mujallar Injury Prevention a 2012 ya tattara haɗura 116 a Amurka tsakanin 2004 da 2011 na masu tafiya a ƙasa da abin sauraro a kunne. Kashi 70 cikin 100 sun mutu, kuma fiye da rabin haɗuran jirgin ƙasa ne ya yi su. Ɗan acaɓa, mai keke, mai tsallaka titi, mai bin layin dogo don yanke hanya: a cire shi gaba ɗaya a sa a aljihu.

Kada kuma a sa iyafis mai igiya alhali wayar tana jone da cajar da ba a san asalinta ba. A 2014 hukumomi a jihar New South Wales ta Ostareliya sun fitar da gargaɗi bayan an tsinci gawar wata mata da abin sauraro a kunnenta da ƙuna a kunnuwa da ƙirji, aka danganta mutuwarta da caja marar inganci. Irin wannan ba ya yawan faruwa, amma inda jabun caja ta yi yawa kuma wuta ke zuwa da ƙarfi ba sallama, bai kamata a gwada sa'a ba.

Batun tsafta a taƙaice: robar tana riƙe zufa da danshi a ramin kunne, tana tura dauɗa ciki. A ciro ta a wanke da ruwa da sabulu, ta bushe kafin a mayar. A daina karɓar aro. Mai ƙaiƙayi ko ciwo ko mugunya ya ajiye iyafis har ya warke, kuma a bar sakace da tsinken ashana da gashin kaza da murfin biro.

Alamomin farko ba sa zuwa da zafi, shi ya sa ake raina su. An ɗauke wuta cikin dare, fanka ta tsaya, unguwa ta yi tsit, sai ka ji wani siririn kuka “tsiiii” a kunnenka wanda na kusa da kai bai ji ba. Ko kana wurin ɗaurin aure, kana jin muryar abokinka amma kalmomin suna cakuɗewa, kana ta “na'am?” da “me ka ce?”. Sautuka masu kaifi su ke fara tafiya, irin su s da sh da ts da f, sai ka kasa rarrabe “sa” da “sha” in akwai hayaniya. Ko mutanen gida su fara ƙorafin ka cika ɗaga rediyo. Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan ya huta da iyafis, ya nemi a yi masa gwajin ji. Gwajin ba ciwo, ana sa maka abin sauraro ne kana nuna alama duk lokacin da ka ji ƙara. Akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Na'urar taimaka wa ji tana amfani ga wanda ya riga ya samu rauni, sai dai tana da tsada, kuma ƙarfafa abin da ya rage take yi.

In kuwa kunne ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, ko ka tashi da safe ka ji ɓari guda ya mutu, da jiri ko ba jiri, kada a ɗiga mai, kada a ɗiga ruwan ganye, kada a tsaya kemis, kada a ce a bari a ga kwana biyu. Likitocin kunne suna ɗaukar wannan a matsayin lamarin gaggawa, domin maganinsa ya fi aiki a kwanakin farko, bayan mako 2 kuma damar tana raguwa sosai. A tafi asibiti ranar, a gaya wa likita lokacin da abin ya fara, da awa nawa ake yi da iyafis a rana, da duk wata allura ko ƙwayar da aka sha kwanan nan.