Teburin Haya a Bakin Tekun Napoli

A cikin lambun shaƙatawa na Villa Comunale da ke bakin teku a birnin Napoli na ƙasar Italiya, akwai wani gini da aka aza harsashinsa a 1872. Shi ne tashar binciken halittun teku da Anton Dohrn, Bajamushe masanin dabbobi, ya kafa, kuma har yau ana aiki a cikinta da sunansa. Masu ba da tarihin wurin sukan fi tsayawa kan manyan masanan da suka ratsa ta cikinsa. Ni kuwa a ganina abin da ya fi cancantar nazari shi ne tsarin da ya tara su, wato yadda aka samo kuɗin tafiyar da tashar, da kuma 'yancin da aka bai wa duk wanda ya shigo ya binciki abin da ransa ke so.

An haifi Dohrn a 1840 a garin Stettin, a gidan wadata, ya yi karatu a Jena a hannun Ernst Haeckel, ya kuma rungumi ra'ayin Darwin na sauyawar halittu hannu bibbiyu. A ƙarshen shekarun 1860 ya je Messina da ke tsibirin Sisili don nazarin dabbobin ruwa, a can ya ɗanɗani wahalar da duk masanin zamaninsa ke sha. Mutum zai taso daga jami'a mai nisa da teku, ya kama ɗaki, ya nemi masunci, ya yi ta fama da tuluna da bokitai, kafin ya zauna ya duba abin da aka kamo masa ya riga ya mutu. Dohrn ya ga cewa maganin wannan shi ne gida na dindindin a gaɓar teku, mai ruwan gishiri da ke gudana cikin tankuna, da jiragen kamun dabbobi, da ɗakin littattafai. Hukumar birnin Napoli ta ba shi fili, shi da mahaifinsa suka ɗauki mafi yawan nauyin ginin, Darwin da wasu masanan Ingila suka taimaka da kuɗi, daga baya gwamnatin Jamus ta sa hannu.

Gini abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta da ciyar da shi shekara da shekaru, kuma a nan basirar Dohrn ta fito. A ƙasan ginin ya buɗe gidan kallon kifaye a 1874, jama'a na biya su shiga. A sama kuma ya jera teburan bincike ya sa su haya, kamar yadda ake kama rumfa a kasuwa. Gwamnati ko jami'a ko wata ƙungiyar masana za ta biya kuɗin teburi na shekara, ta turo wanda ta zaɓa. Shi kuwa baƙon, da ya iso zai tarar da wurin zama, da sinadarai, da littattafai, ya faɗi dabbar da yake buƙata a kawo masa ita da ranta. Babu wanda zai tambaye shi dalili, babu wanda zai ɗora masa ra'ayin maigida. Wannan batu na ƙarshe yana da nauyi, domin Dohrn yana da nasa ra'ayin da ya ƙwallafa rai a kai, cewa dabbobi masu ƙashin baya sun samo asali ne daga wani jinsin tsutsotsi. Ra'ayin bai karɓu ba, kuma da ya tilasta wa baƙinsa binsa da tashar ta nutse tare da shi. Kafin rasuwarsa a 1909, masana fiye da 2,000 sun yi aiki a wurin. Har mata masana na Amurka sun haɗa ƙungiya a ƙarshen shekarun 1890 sun kama nasu teburin, a lokacin da jami'o'i da yawa suka rufe musu ƙofa.

Mai hankali zai iya cewa duk wannan almubazzaranci ne. Napoli ta wancan zamani birni ne mai fama da talauci, annobar kwalara ta yi mata mummunar ɓarna a 1884, ga shi ana kashe dukiya kan ƙwan wata halitta mai ƙaya da ake kira bushiyar teku. Wannan suka ba ta wasa ba ce, amma abin da ya fito daga ƙwan nan ya isa amsa. Ƙwan bushiyar teku garau yake, ana samunsa da yawa, kuma yana girma a cikin ruwa a gaban idon mai kallo ta madubin ƙara girma. Hans Driesch, wanda ya daɗe yana aiki a tashar tun daga 1891, ya raba ƙwayoyin halitta biyu na farko na ƙwan, sai kowacce ta girma ta zama cikakkiyar halitta ƙarama. Theodor Boveri ya nuna da irin wannan ƙwai cewa kowane kuromosom yana ɗauke da nasa rabon na gadon halitta, idan aka samu ragi ko ƙari sai girma ya lalace. Daga nan ne ya kai ga hasashen da ya buga a 1914, cewa ciwon daji yana farawa ne daga ƙwayar halitta guda wadda kuromosom ɗinta suka rikice, hasashen da binciken baya ya ƙarfafa. A 1908 Otto Warburg ya auna yadda ƙwan ke ƙara shan iskar oksijin da zarar maniyyi ya shige shi, aikin da ya ɗora shi kan nazarin numfashin ƙwayoyin halitta har ya sami lambar Nobel a 1931. Babu ɗayansu da ya zo Napoli neman maganin cuta, kuma da an sharɗanta musu sai sun kawo magani da ba a ba su teburin ba.

Akwai kuma amfanin da haɗuwa kawai ke kawowa. A watan Mayun 1951, a wani taro a tashar, Maurice Wilkins ya nuna hoton DNA da aka ɗauka da hasken eksire. Cikin masu sauraro akwai wani matashi Ba'amurke, James Watson, wanda hoton ya juya masa tunani, bayan shekara biyu shi da Francis Crick suka bayyana siffar DNA a Kambirij.

Suka ta biyu ta fi ta farko kama jiki. Tashar ta tsaya ne kan dukiyar gida ɗaya da kuma gumin mutanen Napoli, masunta da matuƙa jiragen da suka san inda kowace dabba ke kwana, waɗanda sunayensu ba sa fitowa a saman takardun bincike. Gaskiya ne, kuma bai kamata a shafe shi ba. Wanda tarihi ya riƙe sunansa a cikinsu shi ne Salvatore Lo Bianco, da ya shiga aikin tashar yana yaro ya zama gwanin adana halittun ruwa masu laushi ba tare da sun canja kama ba. Abin da hannunsa ya adana an sayar wa gidajen tarihi da jami'o'i a ƙasashe da dama, ya zama wata ƙofar samun kuɗin tashar. Ke nan 'yancin da masanan Turai suka mora, akwai ƙwarewar 'yan gari a ƙarƙashinsa.

Raunin tsarin ya bayyana a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da Italiya ta shiga yaƙin a 1915, Reinhard Dohrn, ɗan Anton da ya gaji shugabanci, dole ya bar ƙasar saboda shi Bajamushe ne, hukuma ta karɓe tashar. Sai a 1924 ya dawo kan shugabanci, bayan an mai da ita cibiya mai rajista ƙarƙashin dokar Italiya. Wasu za su ce wannan ya nuna cewa gidan ilimi da ya dogara ga zumuncin ƙasashe ba ya ɗorewa. Amma dai wannan zumuncin ne ya sa masu haya suka koma kama tebura bayan kowane yaƙi, saboda ƙasashe da yawa suna ganin suna da rabo a wurin. A 1982 gwamnatin Italiya ta mai da tashar cibiyar bincike ta ƙasa, kuɗin hukuma ya maye gurbin na haya, wanda ya kawo kwanciyar hankali tare da haɗarin cewa mai biya ɗaya ne zai riƙa fayyace abin da za a bincika.

Tambayoyin ma sun sauya. A tsibirin Ischia, inda Anton Dohrn ya gina gida wanda daga baya ya zama reshen tashar, akwai wuraren da iskar kabon ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin teku tana sa ruwan tsami. Wani bincike da aka buga a 2008, wanda ma'aikatan tashar suka shiga ciki, ya nuna cewa kusa da waɗannan ramuka dabbobi masu ɓawo da bushiyar teku suna raguwa ƙwarai, ciyawar ruwa kuma tana bunƙasa. Masana na kallon wurin a matsayin samfurin abin da zai iya samun tekunan duniya idan hayaƙin kabon ya ci gaba da narkewa a cikinsu.