Ruwan Tsamiya

Akwai itatuwan tsamiya da yawa a ƙasar Tudun Wada da Doguwa, kusa da dajin Falgore. Tsamiya takan yi fure da damina, 'ya'yanta su nuna da rani. Sa'an nan yara sukan ɗauki gora da kwando su tafi kaɗowa.

A gida akan ɓare ta, a jiƙa cikin tafasasshen ruwa, gama ruwan rafi yakan kawo ciwon ciki. In ta jiƙu sai a dama, a tace, a sa citta da kanumfari da zuma. Akan sha ran nan, don in ya kwana biyu yakan yi kumfa.

Yaron kirki ba ya sare reshe garin kaɗa. Wanda ya sare bana, me zai kaɗa baɗi?